Tabon Kai a Kujerar Mushe

Kwana shida da rasuwar maigidana ban yi kuka ba. Ba jarunta ba ce, kuma ba taurin zuciya ba ne, ko da yake na ji wasu mata suna raɗa haka a bayan ɗaki. Kukan ne bai zo ba. In an ajiye abinci in ci, in an ce ga masu gaisuwa in ɗaga kai, su ce ya haƙuri, in ce da godiya, su fita wasu su shigo. Kunnena yana ji, bakina yana amsawa, ni kuwa ban san inda nake ba. Abu ɗaya kawai nake tsaro a gidan nan duka: wata kujera cikin salon, wato falonmu, da tabon da ke jikinta.

Kowa a Dogon Dutsi Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin makaranta da Faransanci, don ya shekara talatin yana koyarwa a lakwal, makarantar boko, ni ma haka nake kiransa. Shekarar da aka ba shi darakta ya je Yamai ya dawo da kujerun salon a bayan wata babbar mota, an ɗaure su da igiya an rufe da tabarmi. Babba ɗaya mai cin mutum uku, ƙanana biyu. Da aka kwance su na ga yadin karan-miski ne, ruwan madara. Ruwan madara, a Arewa! Na ce masa, "Mushe, in kana so ka kashe ni ai da ka faɗa tun farko." Ya yi dariya ya ce masu shago sun ce shi ake yayi.

To, tunda sun shigo gidana ba za a gan su da datti ba, ni haka Allah ya yi ni. Na sa aka ɗinka musu rigar leda mai kauri. Na saƙa ƙananan ƙyallaye da ƙwarashi na ɗora a kan ledar. Kowace Asabar sai in tuɓe ledar, in shimfiɗa jiƙaƙƙen zane da aka matse sosai, in bubbuga da sanda don ƙasa ta kama zanen, in bi lungunan da buroshi, in mayar da komai yadda yake. Yarana sun tashi sun san ƙofar salon iyaka ce. Wanda ya shiga da tuwo a hannu ya san sauran. A unguwa har suna aka yi musu, wai kujerun madan, a gani a bari. Amma masu wannan tsegumin su ne in bik, wato biro, ya fashe a kan kujerarsu, ko baƙo ya zubar da shayi, ko wani tsoho ya goga jan goro, sai ka gan su a ƙofata da sassafe suna ta gaisuwa mai tsawo. Ni kuwa in je in cire musu. Ban taɓa komawa gida na bar tabo a bayana ba, kuma ina alfahari da haka, ba zan ɓoye ba.

Mushe a kan leda ya yi zamansa shekara ashirin da wani abu. Kujerar da ke kusa da taga ita ce tasa. Da bazara sai gumi ya manne shi, in zai tashi ka ji ledar ta yi ƙara kamar ana yage takarda. Ya kan ce, "Na sayi kujera na ƙare a kan leda." In ce, "Ka gode Allah, wasu a kan ƙasa suke." Haka muke, kullum haka.

Sai ciwon zuciya ya kama shi bayan ya ajiye aiki. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere, in ya kwanta sai ya ji kamar ana danne shi. Lokotoro ya ce ya riƙa barci a zaune. Gado ya gagara, sai ya koma kujerarsa gaba ɗaya, dare da rana. Cikin mako biyu leda ta fara ci masa baya. Da hannuna na zare ta, ya dai shafa karan-miskin da tafinsa ya dube ni. Kansa yakan yi ciwo ta ƙeya. Wata Bafillata da ke kawo mana nono ta ce a riƙa shafa masa man shanu, na riƙa shafawa safe da yamma. Na ɗora ƙyalle a inda yake jingina, ya janye, wai yana sa shi ƙaiƙayi. Na sake ɗorawa, ya sake janyewa. Na gaji na bari.

Wata takwas yana jingine da kansa a wuri ɗaya, ya ɗan karkata hagu. Mai da gumi suka shiga yadin. Wurin ya fara da duhu kaɗan, ya yi ta faɗi har ya kai faɗin tafin hannuna biyu, tsakiyarsa baƙi ƙirin, gashin yadin ya kwanta. Duk lokacin da na ɗaga shi zan canza masa riga sai na gan shi, sai na yi tsaki. Na kan ce, "Ka dai warke, ni da kujerar nan sai Allah." Ya kan ce, "Za ki yi aiki kam." Ranar wata Talata da hantsi na fita in fifita masa kunu, na dawo na tarar ya cika, kansa a wurin.

Bayan an kai shi makwanci, maza suka zauna a rumfar ƙofar gida, mata suka cika tsakar gida. Ni na kulle salon na ɗaure mabuɗin a bakin zanena. Kowace safiya bayan sallah, kafin mutane su taru, sai in buɗe in shiga in tsaya gaban kujerar. In duba tabon. In sunkuya in kai hanci. Akwai man shanu, akwai ɗacin magani, akwai warin jikinsa da na sani tun ina yarinya. Ba na jin komai a zuciyata, wallahi ba na ji, amma ina zuwa. Tufafinsa ni na riƙa wanke su har ranar ƙarshe, sabulu kawai suke yi. A wannan wurin ne kaɗai yake.

Yayarsa ta zo tun ranar farko daga ƙauyensu, can wajen Lugu. Tsohuwa ce ƙarama, busasshiya, ita ta goye shi yana jariri. Shekara talatin da biyar da aurena amma amarya take ce mini. Ba ta taɓa zama a kujerun nan ba ko sau ɗaya. In ta zo gari sai ta shimfiɗa tabarma a gindinsu, wai abin da mutum zai zauna ya nutse ba abin yarda ba ne. Ita ta kama ragamar gidan a kwanakin nan, ita ta ba ni wata 'yar wuƙa ta ce mai takaba ba ta motsawa hannu banza. Na karɓa na riƙe, don ba ni da ƙarfin tambaya.

A gidansu akwai abin da suka gada: kafin sadakar bakwai, duk abin da gumin mamaci ya taɓa sai an wanke shi. Ranar kwana biyar ta tara riguna da huluna da bargo da sallayarsa, har butar alwala. Na miƙa mata duka. Mata biyu da ta zo da su daga ƙauye suka wuni a bakin pampo suna wanki, igiyar tsakar gida ta cika.

Ranar kwana shida da hantsi ta shigo ɗakin da nake, ta tsaya a kaina.

"Amarya, ba ni mabuɗi."

"Na mi, Yaya?"

"Kujerar da ya cika bisanta. Gobe bakwai."

Na ce, "Yaya, irin wannan kujera ba a wanke ta."

"Ba a wanke ta? To mi aka yi mata, lasa?"

Matan da ke ɗakin suka yi 'yar dariya suka haɗiye. Na dafe bakin zanena inda mabuɗin yake. Yaya ta durƙusa kusa da ni, ta sassauta murya, ba da faɗa ba. Ta ce in an bar gumin mutum a gida ba ya samun tafiya, zai riƙa dawowa yana zama a wurinsa, shi bai huta ba, masu gida ba su huta ba. Ta ce haka aka yi wa ubansu, haka aka yi wa uwarsu, ba za a fara saɓawa a kan ƙanenta ba.

Na ce, "In ya dawo ya zauna, ai gidansa ne."

Ɗakin ya ɗauki salati. Wata ta ce, "Subhanallahi, ki yi istigfari." Yaya ta dube ni ta daɗe, idanunta jajur, don ita kam ta yi kuka har ta gode Allah. Ɗiyata ta fari, wadda ta zo daga Yamai, ita ta shiga tsakani. Ita kaɗai ta taɓa ganina ina shiga salon da safe, kuma ba ta tambaye ni ba. Ta ce, "Gwaggo, a wanke mazauni da hannuwa, nan ne gumi ya fi yawa. Sama a bar wa Inna." Yaya ta juya maganar a bakinta tare da goron da take tauna, sannan ta ce, "An ji."

Ni na buɗe ƙofar da kaina. Na nuna wa matan ƙauyen nan biyu da tsinin wuƙar, na ja layi a iska a tsakiyar majinginin, ƙasa da tabon da kamar taƙi ɗaya. Na ce, "Daga nan zuwa ƙasa. Sama ko yatsa kada a sa." Suka ce to. Suka ɗauki kujerar su biyu suka fita da ita, ni kuma na koma kan tabarmata na zauna, na ajiye hannuwa a cinya.

Ban yi tunanin yadda za su wanke ta ba. Da hankalina yana jikina da na yi tunani. Mutanen da duk rayuwarsu abin da suka wanke shi ne tabarma da turmi da ƙwarya, ta yaya za su wanke kujerar soso? Ina zaune sai na ji ƙarar bokiti, shaaa, an sheƙa ruwa a kan abu mai laushi. Sai na biyu.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta da kyau. Abu na farko da na ji a jikina cikin kwana shida ba baƙin ciki ba ne. Haushi ne, irin haushin ganin ana ɓata aiki. Ya taso mini tun daga ciki har kunnuwana suka yi zafi. Ban san na tashi ba, ban san inda na yar da wuƙar ba. Sai gani na a tsakar gida, mayafi yana ja a ƙasa.

Sun ajiye kujerar a tsakiyar rana kusa da pampo. Ɗaya ta samu sabulun salo da soson wanka tana dirza hannun kujerar kamar tana dirzar ƙafar yaro. Ɗayar ta cire kushin ɗin mazauni ta shimfiɗa a kan siminti ta hau da ƙafafu biyu tana tattakawa, baƙin ruwa yana fita. Sun kiyaye layina, wannan ba zan ƙi faɗa ba, ba su taɓa sama ba. Amma ruwan ya shiga soso, yana hawa da kansa, ya bar wani zobe mai ruwan ƙasa yana rarrafe a majinginin.

Na ce, "Kai! Kai! Ku tsaya! Jaki kuke wa wanka? Wa ya ce muku ana zuba wa soso ruwa? Sauka mini daga kan kushin, baiwar Allah, ba laka ba ce!"

Yaya ta ce, "Amarya, koma ɗaki. Mai takaba ba ta aiki kafin bakwai."

Na ce, "Yaya, in na koma ɗaki gobe fumfuna za ku nuna wa baƙi."

Na sa aka janye kujerar zuwa inuwar darbejiya, don rana tana ƙona sabulu a jikin yadi ta bar fari. Na ce wa ɗiyata ta kawo omo, da lemun tsami, da roba biyu, da tawul duk wanda ke gidan, da fararen tsummokarana da ke ƙasan akwati, da buroshina mai laushi. Na danne majinginin da tawul, na hau da gwiwa, na yi ta dannawa ina canzawa har ruwan da suka ɗura ya ragu. Kushin ɗin na zuge shi na fitar da soson na jingine a tsaye inda iska ke bi. Sannan na zuba omo kaɗan a ruwa mai ɗumi na kaɗa da hannu har kumfa ta cika robar.

Mata suka taru suka kewaye ni. Ni kuwa bakina ya buɗe, ina aiki ina bayani kamar Mushe a gaban allo. Na ce kumfa ake ɗiba, ba ruwa ba. Na ce a bi gashin yadi inda ya kwanta, kada a saɓa masa. Na ce tsumma fari ake sawa don a ga abin da ke fita. Na nuna musu zoben da ruwansu ya bari na ce irin wannan ba a bin shi shi kaɗai, in ka bi shi sai ya gudu ya haifi wani. Karan-miski daga ɗinki zuwa ɗinki ake yin sa, fuskar duka lokaci ɗaya, kuma daga sama ake farawa a gangaro don datti kada ya koma inda aka gama. Suna ta gyaɗa kai. Ɗaya daga cikin matan ƙauyen ta ce, "Ashe abin ilimi ne." Jikina ya yi sauƙi. Kwana shida ban san abin da zan yi da hannuwana ba, yanzu ga shi sun san abin da ke biye da abin da.

Na ji ɗiyata ta ce, "Inna."

Na ce, "Miƙo tsumma."

Ta sake cewa, "Inna," a hankali, ta taɓa kafaɗata.

Na ce, "Ke, ki daina kirana, ba ki ga kumfa tana mutuwa ba? Miƙo tsumma."

Ta miƙo. Akwai wurin da ya yi taurin kai, kumfa ta hau ta sauka yana nan. Na yanka lemu na matse a ruwan, na sake bi da buroshi, na danna da tsumma, tsumman ya fito baƙi. Na canza wani na sake. A karo na uku ya saki. Har yau ina tuna daɗin da na ji da ya saki. Na ce wa matan, "Kun gani? Ni ba a yi tabon da ya gagare ni ba." Na bi da ruwa mai tsabta a tsumma matsattse, na taje gashin yadin ya tashi, na gangara har ƙasa, na yi hannuwan kujerar da suka ɓata. Ruwan robar ya zama kamar kunun kanwa. Na ce a zubar a rariya, aka zubar.

Sai na miƙe na riƙe ƙugu na ja baya in duba aikina, kamar yadda na saba.

Sabo turken wawa. Na tsaya ina kallon saman kujerar, wajen hagu. Na duba hannuwana, sun yi yaushi da ruwa. Na duba rariya, ƙasa ta riga ta shanye. Ɗiyata tana tsaye da tsummokaran a hannu, ta kawar da kai.

Yadin yana da danshi, duk ya yi duhu ɗaya, sai na ce a raina wataƙila in ya bushe zai fito, mai yana da naci, ni na sani. Na jawo turmi na kifa na zauna a gaban kujerar. Yaya ta ce in shiga ɗaki, ban motsa ba, ta ƙyale ni. Masu gaisuwa suna shigowa suna tarar da ni a nan, su ce ya haƙuri, in ce da godiya, idona a kan kujera. Aka kira azahar na yi sallah na dawo. Bazara ce, iska mai zafi tana bi ta ƙarƙashin bishiyar, yadin yana haske daga gefe yana matsowa tsakiya. Na bi shi da ido taƙi bayan taƙi. Kafin la'asar ya bushe ƙarau, ruwan madara daga ɗinki zuwa ɗinki. Na tashi na sunkuya na kai hanci, a gaban kowa, ban damu ba. Lemun tsami na ji, da omo.

Shekaru sun wuce yanzu, Yaya ma ta bi ƙanenta. Na sha neman in ɗora mata laifin don in samu wanda zan ji haushi, abin bai zauna ba. Ita ta ce an ji, kuma matanta sun tsaya inda na ce su tsaya.

A ranar dai ta taso daga inda take tsintar gero, ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta goge hannunta a zane, ta shafa saman kujerar a hankali, ta sake shafawa. Da zuciya ɗaya ta faɗa, yabo take yi.

"Aradu, amarya, kin iya. Kamar ba wanda ya taɓa zamnawa bisanta."

Ɗiyata ta fashe da kuka ta shige ɗaki. Ni na tsaya ina jira in ga ko nawa zai zo, bai zo ba. Na ce, "Na gode, Yaya." Sannan na ce wa matan su wanke hannu kafin su ɗauke ta su kai ciki.